Bangon da Aka Rufe da Zana

Sana'ata a Doha ita ce tuɓe wa tsofaffin gidaje riga. Haka nake gaya wa mutanen gida in sun tambaya, su yi ta dariya, alhali ba wasa nake ba. Gidajen nan da aka gina tun ban zo duniya ba, yawancinsu an lulluɓe bangonsu ta waje da fallayen dutse ko na alminiyom, abin da muke kira kiladin a wurin aiki. In rana da gishirin iskar teku sun gama da shi, mu ake kira. Wanda zai wanku mu wanke, wanda zai gyaru mu gyara, wanda ya mutu mu ɓamɓare shi mu sa wani. Kafin in taɓa kowane falle sai na ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa na kasa kunne. Mai lafiya da nauyi yake amsawa. Wanda ya rabu da bango kuwa sai ka ji kwam-kwam, kamar ƙwaryar da aka kife babu komai a ciki. Ba a Doha na koyi wannan ba. A Danja na koya, wurin kakata Iya Tabawa.

Ita ta raine ni, don mahaifiyata ta rasu ina goye. Duk shekarun nan na korona da na ƙwallon duniya buri ɗaya ne a raina, in koma gida in same ta da rai. Ban roƙi Allah mota ba, ban roƙe shi fili ba. Wannan kaɗai na roƙa.

Iya ba magini ba ce, gini aikin maza ne. Amma tun da kakanmu ya rasu ta ce ba za ta zauna jiran ɗa namiji ruwa ya cinye mata ɗaki ba. In damina ta ƙarato za ka gan ta tana zagaya ɗakinta tana ƙwanƙwasa bango, kunnenta a manne, kamar mai sauraron gulmar maƙwabta. Inda ta ji ya yi kwam ta sa tsohuwar fartanya ta ɓamɓare, ta bar wurin a buɗe ya sha iska kwana da kwanaki. Sannan ta jiƙa ɓawon ɗorawa a tulu har ruwan ya yi baƙi, ta kwaɓa makuba da jar ƙasa, ta yaɓe da tafin hannu. Shi ya sa hannayenta kullum a rine suke, ko ranar salla. Ni ne mai ɗauko mata ruwa, ni ne kuma mai shan faɗa in na zubar.

Da daddare kuwa wata Iya ce daban. In an yi isha'i an ci tuwo, sai ta hura wuta a ƙofar ɗakinta da karan dawa da 'yan ƙirare, ta tura gyaɗa cikin toka. Mu taru, ni da Rabi 'yar Kawu Sule, da yaran maƙwabta waɗanda ƙamshin gyaɗa ke kawowa ba son tatsuniya ba. Ta jingina da bango ta miƙe ƙafafu, wutar tana haska rabin fuskarta. Ni take fara tsokana, don ni ne mai gidanta, ita kuma amaryata ce, amaryar da haƙoranta na gaba suka daɗe da yin ƙaura.

"Mai gida, yau ma babu cefane? Wane irin miji ne wannan, sai dai ya zo ya cinye min gyaɗa?"

"In na girma zan gina miki ɗakin siminti."

"Allah ya kiyaye! Siminti ba ya numfashi. So kake ka dafa ni da raina ka auro yarinya?"

Sauran tsofaffi suna da yadda suke buɗe tatsuniya wanda kowa ya sani. Na Iya daban ne. Sai ta mai da hannu baya ta ƙwanƙwasa bangon da ta jingina da shi, ta ce, "Salamu alaikum, da mutane a gidan nan?"

Mu haɗa baki, "Da mutane, har da kunnuwa!"

"To a ba baƙuwa wuri, daga nesa take."

Tana da tatsuniyoyi masu daɗi, na kura da na 'yan mata a bakin rafi, masu sa dariya har ciki ya ƙulle. Amma akwai ɗaya da ba ma so, ita kuma ba ta gajiya da ita. Ta Tanko ce da bangonsa.

Wai Tanko mutum ne mai gida a bakin hanyar fatake, shi ke saukar da su in sun zo da jakunansu. Katangar gidan ubansa ne ya gina ta, doguwa, kowa ya wuce sai ya kalla. Wata damina sai ta tsage daga sama har ƙasa. Ga shi gobe baƙi za su sauka. Tanko ya duba tsagar nan ya ce, kai, abin kunya, fatake su je su ba da labari a garuruwa cewa gidan Tanko ya fara zubewa? Ya ruga kasuwa ya sayo sabuwar zana, ya jingina a kan tsagar, ya kafa dirka ya ɗaure tam. Baƙi suka zo suka ce, lalle Tanko ɗan gaye ne, har katanga yake sa wa riga.

Da kowa ya kwanta sai bango ya fara waƙa. A nan Iya takan sauke murya, ta ja ta a hankali har gashin jikinmu ya tashi:

"Tanko, Tanko, ɗaga zana,
in sha iska, in ga rana.
Tanko, Tanko, ɗaga zana,
ciwo a rufe ba ya jin magani."

Tanko ya leƙo ya ce, "Yi shiru mana, kar ka tashe min baƙi. Bari su tafi." Baƙi suka tafi, wasu suka zo. Sai ga ƙadangare, don kun san sai bango ya tsage yake samun wurin shiga. Ya gyaɗa kai ya ce, "Bango, a ba ni masauki." Bango ya ce, "Ni da aka rufe wa baki, ina na ga ta hana ka? Shiga." Ɓera ya zo da matarsa da surukarsa, su ma suka shiga. Iya takan yi muryar kowannensu, ta ɓera har da tsuke baki, mu yi ta faɗuwa don dariya. Amma in ta zo kan gara sai ta daina wasa. Gara da ladabi ta zo, ta durƙusa har ƙasa. Ta ce, "Ranka ya daɗe, mu ba mu da surutu. Ba za ka ma san muna nan ba."

Duk shekara in zana ta tsufa, Tanko ba ya cire ta, sai ya sayo sabuwa ya ɗora a kai. Bango yana waƙarsa, amma muryar tana raguwa, tana raguwa, har wani dare Tanko ya kasa kunne bai ji komai ba. Ya yi murna ya ce, alhamdu lillahi, ya warke da kansa.

Ana nan sai fatake suka sauya hanya, baƙi suka ɗauke ƙafa. Tanko ya samu sarari ya ce, to yau dai bari in duba bangon nan. Ya kwaɓa ƙasa, ya jiƙa makuba, ya naɗe hannun riga. Ya kwance zana ta farko, ya kwance ta bayanta, ya yi ta kwancewa har ya kai ga tsohuwar nan ta asali wadda ta zama baƙa. Ya janye ta. Babu bango. Gonar maƙwabcinsa ya hango, da wani ɗan tudun jar ƙasa a gabansa, har ciyawa ta fito a kai.

"Sai ya tsaya, da kwaɓaɓɓiyar ƙasa a hannu, yana kallo," in ji Iya.

Mu ce, "Sai me?"

"Sai ya tsaya yana kallo."

Rabi ce ta taɓa tambaya, "Iya, bai yi kuka ba?"

"Kuka ma da lokacinsa, 'yar nan, kamar shuka. Nasa ya wuce." Ta kakkaɓe zanenta ta ce, "Baƙuwa ta kama hanya. Wanda bai ƙoshi ba ya lashi yatsa."

Ni haushi nake ji. In ce, "Wannan ai ba tatsuniya ba ce. Ba a doki kowa ba, ba a cinye kowa ba." Ta ce, "Mai gida, kai dai ci gyaɗarka." Mu watse muna gunaguni, ita kuma ta rufe garwashin da toka don na safe.

Ranar da zan taho Doha ta rako ni har zaure tana dogara sanda. Lokacin bayanta ya riga ya ranƙwafa, ta daina yaɓe da kanta, sai dai ta zauna tana ba da umarni. Ta riƙe min hannu ta ce, "Ka dawo da wuri. In ka daɗe auren wani zan yi, ka zo ka tarar da ni da goyo." Na ce ko shekara biyu ba zan cika ba. Da gaske nake har zuciyata.

Ban daɗe da zuwa ba korona ta sauka. Aka rufe gari, aka rufe mu a masauki, jirage suka tsaya. A ɗakinmu akwai wani dattijo, Baba Mumuni, ɗan Zangon Kumasi a ƙasar Gana, wanda ya daɗe a wannan aiki har gashinsa ya yi fari a kan ƙarafunan hawa. Da ya ji ina Hausa ya ce shi ke nan ya yi ɗa. Shi ya koya min yadda ake kama injin feshin ruwa, cewa ba a harba ruwa ta ƙasan falle don kar ya shige baya, kuma tsohon dutse ba a matsa masa ƙarfi. Ranar Juma'a ya dafa mana wake da shinkafa irin tasu ta Zango, da yaji mai sa mutum tuna zunubansa. Na ba Kawu Sule lambarsa, don ko wani abu ya same ni a san wanda za a nema.

Duk Juma'a ina kiran gida. Kawu ya kai wa Iya waya ya kara mata a kunne, ita kuma ta yi ta ɗaga murya kamar wadda ke kiran mutum a ƙetaren kogi.

"Mai gida! An ce ciwon nan numfashi yake tsarewa. Ka riƙa shan citta da kanumfari! Ka ji ko? Ko ka samu Balarabiya ka manta da ni?"

"Wace Balarabiya za ta kalli mai wankin bango, Iya?"

"Oho dai. Ni na gaya maka, manema sun fara zuwa."

A shekara ta biyu ciwon ya kama ni. Aka ɗauke ni aka killace, na kwanta da robar iska a hanci, ban san dare ba ban san rana ba. Allah ya yi da sauran kwana na tashi. Amma na fito babu ƙamshi babu ɗanɗano. Shinkafar Baba Mumuni da yajinta, in sa a baki in ji kamar ina tauna audiga. Likita ya ce zai dawo a hankali. Jin ƙamshin ya dawo rabi. Wani abu kuma a ƙirjina ya kwanta tun lokacin, ba na murna sosai, ba na baƙin ciki sosai, in an ce tashi in tashi, in an ce hau in hau.

Tun daga wannan jinya ban sake jin muryar Iya ba. In na kira, Kawu ya ce tana barci. Wata Juma'ar ta je barka. Daga baya ya ce kunnenta ya ƙara nauyi, yanzu ba ta jin waya ko an kara mata, amma tana amsa gaisuwa. Rabi, wadda ta yi aure a nan cikin gari, in na kira ta sai ta ce, "Yaya Hamisu, Iya tana gaishe ka." Gaisuwa kawai. Iyar da na sani ba ta aiko da gaisuwa tsurarta, sai ta haɗa da tsiya, ko ta ce a tambaye ni ina kuɗin zanenta, ko ta ce a gaya min ta yi sabon saurayi. Ni da nake cin abinci da sauraron bango, na ji yadda maganar ke amsawa. Sai in ce, "To, ina amsawa, a gaishe ta," in kashe waya in kwanta. Ba zan ce tsoro ne ya hana ni tambaya ba, don ban ji tsoro ba. Ban ji komai ba.

Na nemi hutu. Da farko babu jirgi. Da jirgi ya samu sai aiki ya taso kamar zai cinye mu, don ƙwallon duniya da za a buga a nan ta ƙarato, duk mai tsohon gida yana so a wanke masa fuska ya ba baƙi haya. Mudir, wato shugaban aikinmu, ya ce, "Bayan kofin duniya, Hamisu. Bayan kofi kowa zai tafi, kalas, magana ta ƙare." Na ce to.

Saura 'yan makonni a fara wasa aka kai mu wani gida a unguwar Gharrafa. Tsohon gida ne mai hawa biyu, an lulluɓe shi da fallayen dutse masu ruwan ƙasa-ƙasa, sun yi baƙi-baƙi a ƙarƙashin tagogi. Mai gidan wani dattijo ne da ya koma sabon garin Lusail wurin 'ya'yansa. Ya ce wanki kawai yake so, baƙi sun riga sun kama gidan. Muka kafa ƙarafuna muka hau. Gaba ya wanku tas, gefen gabas ma haka, dutse ya fito kamar jiya aka sa shi. Da muka zagaya baya, inda bututun na'urar sanyaya ɗaki ke saukowa, na ƙwanƙwasa falle ɗaya na ji kwam. Na gaba ma kwam. Na bi layin har ƙasa, duk haka. A bakin haɗin fallayen wani farin abu ya tsatso kamar kanwa.

Baba Mumuni ya zo ya saurara, ya ce, "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kira mudir."

Mudir ya kira mai gida. Dattijon ya zo da farar rigarsa, ya tsaya a inuwa, aka yi masa bayani cewa in an bar su haka wata rana falle zai faɗo a kan mutum. Ya ɗaga hannu ya ce a buɗe.

Cire irin wannan dutse ba a yi masa gaggawa. Sai ka sa alli ka yi wa kowane falle alama, don in an zo mayarwa kowa ya koma ɗakinsa, ba ya zama a na wani. Daga sama ake farawa. Ka yanke gam ɗin da ke bakin haɗi, ka zura siririn ƙarfe ka lallaɓa, mutum biyu su tallafe shi su miƙa ƙasa. Ƙugiyoyin da ke riƙe da su duk tsatsa ta cinye, wasu da ka taɓa sai su karye a hannu. Abin da ke baya kuwa ba kyan gani. Ashe bututun ya tsage tun ba a san lokaci ba, ruwa yana ɗiga a ɓoye shekara da shekaru. Filasta ta kumbura ta yi baƙi, bulo ya yi laushi har ka tura yatsa ya shige. Kyankyasai suka watse. Wani wari ya bugo, wanda ko ni mai rabin hanci na ji shi. Dattijon ya matso ya dafa wurin da tafin hannu, ya faɗi wata magana da Larabci. Mudir ya ce wai cewa ya yi mahaifinsa ne ya gina.

Da rana ta take muka sauko cin abinci, ni da Baba Mumuni, muka zauna a inuwar katanga a kan buhunan siminti. Na buɗe ledar shinkafata. Don dai in yi magana na ce masa, "Baba, in an gama kofin nan zan tafi. Ina so ka raka ni kasuwa in saya wa tsohuwa bargo mai laushi, sanyi yana damunta."

Ya ajiye cokalinsa, ya cire hular kwano ya ɗora a gwiwa.

"Hamisu, ɗana. Akwai amanar da na riƙe, ta yi min nauyi."

Na ce, "Ina ji, Baba."

"Lokacin da kake kwance da roba a hanci, kawunka ya kira ni. Tsohuwa ta cika. Ya ce kar in gaya maka sai ka tashi. Da ka tashi na ga ƙafarka ba ta tsaya ba, na ce bari ka yi ƙarfi. Da ka yi ƙarfi na ce bari azumi ya wuce. Azumi ya wuce, na rasa ta inda zan fara. Shi can yana jira in faɗa, ni nan ina jira ya faɗa. Ka yafe min."

Hawaye yana bin gemunsa. Na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, don abin da ake cewa ke nan. Na jira in ji wani abu ya tsinke a ƙirjina. Shiru. Na ga ƙuda ya sauka a bakin ledata na kore shi. Na tambaye shi, "Damina ce ko rani?" Ya ce da damina ne, ta bara. Na ce, "Allah ya jiƙanta." Na cinye shinkafar tas, ni ne ma na riƙa ba shi haƙuri. Can mudir ya ƙwala, "Yalla, yalla, a koma aiki!" Na sa hulata na hau.

Ban ga laifin Baba ba, ban ga na Kawu ba. Mu haka muke. Ba a gaya wa mara lafiya mutuwa. Ba a jefa wa matafiyi ita ta waya in akwai babba kusa da shi da zai zaunar da shi ya faɗa masa ido da ido. Kowa ya yi abin da aka koya masa, lokaci ne kawai bai tsaya jiran kowa ba.

Da yamma na kira Kawu. Na ce, "Kawu, na ji."

Ina jin kukan akuya a bayansa. Sannan ya ce, "Ka yi haƙuri, Hamisu. Wallahi ba mu kaɗai ba ne. Ita ce da bakinta. Ta ji an ce kana asibiti, ta kama hannuna ta ce, Sule, in na tafi kar wanda ya tayar wa mai gidana da hankali, a bar shi ya warke. Har sai da ta sa na yi mata alkawari."

Na ce, "Ba komai, Kawu."

Bangon Gharrafa sai da muka bar shi a buɗe ya bushe, ko da yake mai gida yana ta aiko da tambayar yaushe. Muka kankare ruɓaɓɓen, aka sauya bututu, muka cike da sabon siminti, muka kafa sababbin ƙugiyoyi, muka mai da kowane falle inda allinsa ya nuna. Aka wanke. Wanda ya zo wucewa ba zai ce an taɓa buɗe wurin ba. Baƙi suka sauka suka rataya tutarsu a kai.

Aka yi ƙwallo. Gari ya cika da mutane masu fentin fuska, motoci suna ta oda. Ranar da Gana ta ci wasa Baba Mumuni ya yi tsalle har ya kusa karya gado, sai ya waiwayo ya gan ni ya zauna. Na ce masa don Allah ya ci gaba da murnarsa. Wata rana a tashar jirgin ƙasa ta Mushairib wani Balarabe da ban sani ba ya rungume ni yana ihu, ƙasarsu ta yi nasara. Na tsaya kamar dirka har ya sake ni ya kama wani. Na yi sallar gawa a zuciyata sau ba adadi, na yi sadaka, na zauna ni kaɗai na kira fuskarta da gangan don kuka ya zo. Bai zo ba, kuma wannan ya fi mutuwar damuna.

Da muna yara, a ganina tatsuniyar nan zagin Tanko take, rago mai tsoron kunya. Da na fara wannan aiki na ɗauka nasiha ce ta masu gini, a buɗe ɓaraka tun tana ƙarama. Yanzu ban san me zan ce ba. Matar da ta yi shekaru tana rera mana a ɗaga zana, da nata lokacin ya zo ita ta ce a jingina ta, don ni. Kawu ya kafa dirka, Baba ya ɗaure, Rabi ta riƙa ɗora sabuwa duk Juma'a, kuma babu mugu ko ɗaya a cikinsu. Ina jin Iya ba gargaɗi take mana ba. Ta dai ga mutane da yawa da labari ya iso musu a makare, ta san yadda suke tsayawa, shi ne take gaya mana tun muna cin gyaɗa. Shi ya sa ba ta taɓa ƙara wa ƙarshen komai ba, duk nacinmu.

Bayan kofi mudir ya cika alkawari. Na sauka Kano, na hau mota zuwa Danja. Aka taru ana min barka da zuwa haɗe da ta'aziyya, mutane ba su san wacce za su fara ba. Ɗakinta an zuba buhunan masara a ciki. Da aka yi la'asar na ce wa Kawu ya kai ni wurinta.

Maƙabartar tana bayan gari. Damina biyu sun bi ta kan layin da aka sa ta, ƙasa ta kwanta, ciyawa ta bushe a kai. A shekarar an binne mutane da yawa kusa da kusa. Kawu ya yi gaba yana dube-dube, ya tsaya, ya koma baya, ya sake matsawa. Ya nuna wani ɗan tudu da fasasshiyar tukunya a kansa.

"Ina ganin wannan ne."

Na durƙusa na ɗaga hannu. Na yi mata addu'a duk wadda na sani, na daɗe, har gwiwata ta yi tsami. Na shafa. Na ɗora tafin hannuna a kan ƙasar, da ɗumin rana a jikinta. A hankali yadda Kawu ba zai ji ba na ce, "Amarya, na dawo."

Muka juya za mu tafi. Mun yi 'yan taku sai Kawu ya tsaya ya waiwaya, ya daɗe yana kallo, ya sosa ƙeya.

"Ko kuwa na gefensa ne," in ji shi.

Na koma na durƙusa a gaban na gefen, na sake ɗaga hannu.